Ɗinkin da Ba a Son Ka Gani: Shiga Nazarin Fim a Jami'a

Akwai wani gwaji da nakan yi wa sababbin ɗalibai a makon farko. Sai in kashe fitilu, in kunna wani yanki na fim da bai wuce minti uku ba, in tsayar, in ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Takardun da ke dawowa kusan bakinsu ɗaya. Wata mata ta shigo ɗaki, ta tarar da wasiƙa a kan tebur, ta karanta, ranta ya ɓaci, ta fita. Daga nan sai in fara tambaya. Sau nawa hoton ya yanke a cikin minti ukun nan? Ta ina haske ke shigowa ɗakin? Lokacin da ta miƙa hannu ga wasiƙar, kyamara matsowa ta yi ko tana tsaye wuri ɗaya? A daidai ina kiɗa ya shigo? Nan aji kan yi tsit. Duk sun zuba wa allo ido, babu wanda ya yi gyangyaɗi, amma babu mai amsa ko ɗaya.

Ba rashin kaifin ido ba ne. Fim ɗin ne ya yi aikin da aka ƙera shi ya yi. Mafi yawan finafinan da muka tashi muna kallo an ɗinka su ne yadda ɗinkin ba zai fito ba, don mai kallo ya manta akwai kyamara, akwai mai riƙe da fitila, akwai wanda ya share makonni yana yanka hoto yana haɗawa. Nazarin fim a jami'a kuwa juya rigar ake yi a duba ɗinkin ta ciki. Wahalarsa daban take da ta sauran fannoni. Wanda ya shiga sashen kimiyyar sinadarai ya san bai sani ba, saboda haka yakan zo da kunnensa a buɗe. Wanda ya shiga nazarin fim ya riga ya kalli finafinai ɗaruruwa tun yana ƙarami, yana da gwanayensa, yana da hukunci a kan kowanne, kuma ya tabbata ya iya kallo. Wannan tabbacin ne ake fara warwarewa, kuma ba ya warwaruwa da sauƙi.

Gara tun nan a raba abubuwa uku da akan cakuɗa. Akwai makarantar koyon shirya fim, inda ake damƙa maka kyamara da fitila a ce je ka ɗauko. Akwai sharhin jarida, mai gaya wa mutum ko fim ya cancanci ya ɓata lokacinsa a kai. Nazarin fim ba ya cikin biyun nan, ko da yake yana maƙwabtaka da su. Tambayoyinsa su ne: yaya aka gina wannan abu har ya sa ni jin abin da na ji, wa ya gina shi, da kuɗin wa, a ƙarƙashin wace doka, kuma wa aka yi nufin ya kalla? Ɗalibin da ya zo da burin zama darakta kan ji takaici a zangon farko, ganin biro aka miƙa masa maimakon kyamara. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ya yi haƙuri tukuna.

Abin da ake farawa da shi mai sauƙi ne, amma yana girgiza wasu: babu abin da ke motsi a fim. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa, 24 a kowane sakan, ƙwaƙwalwa ce ke mayar da su motsi. Fim mai minti 90 ya ƙunshi hotuna 129,600. Daga inda hoto ya fara zuwa inda aka yanke shi ana kiransa ɗauka ɗaya, kuma ɗauka ita ce bulon da ake gina komai da shi. Duk abin da ke cikinta wani ne ya zaɓa: launin bango, inda ɗan wasa ya tsaya, suturarsa, ɓangaren fuskarsa da aka bari a inuwa, kujerar da ke bayansa. Faransawa suna kiran wannan tsari mizansen, kalmar da suka aro daga wasan daɓe, kuma da ita ake amfani a littattafan fannin a ko'ina. Haka kuma wani ne ya zaɓi inda kyamara za ta tsaya. In an ɗauki mutum daga ƙasa sai ya cika allo ya yi kwarjini, in an ɗauke shi daga sama sai ya ƙanƙance. Amma kada ɗalibi ya haddace wannan kamar lissafin sau, domin darakta mai wayo yana iya ɗaukar mutum daga ƙasa don ya mayar da girman kansa abin dariya. Ma'anar kowace dabara tana rataye ne da abin da ke gabanta da abin da ke bayanta.

Wannan magana ta gaba da baya ita ce ta haifi muhawarar da ta fi kowace daɗewa a fannin. A 1919 aka buɗe makarantar fim a Mosko, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a duniya. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa bayan juyin juya halin 1917, sabon zaren ɗaukar hoto ya yi ƙarancin gaske, sai Lev Kuleshov da ɗalibansa suka koma kwance tsofaffin finafinai suna sake haɗa su ta wata hanyar. Rashin kayan aiki ne ya tilasta musu lura da abin da wasu ba su tsaya sun lura da shi ba. Gwajin da ake jingina wa Kuleshov shi ne wannan: ya ɗauko hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya kuma haɗa ta da wata yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yaba gwanintar ɗan wasan, suka ce a ta farko sun ga zurfin tunani, a ta biyu baƙin ciki, a ta uku murmushin jin daɗi. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita sau uku. Abin da Rashawa suka ɗauka daga nan shi ne ma'ana tana fitowa ne daga haɗuwar ɗauka biyu, kuma mai almakashi ya fi ɗan wasa iko da zuciyar mai kallo.

Sergei Eisenstein ya kai abin ƙololuwa. A wurinsa ɗauka da ɗauka ba ƙulla su ake yi ba, gwara su ake yi har tartsatsi ya tashi. A fim ɗinsa na 1925 kan tawayen sojojin ruwa, ya ɗauki kisan jama'a a kan matattakalar birnin Odessa, abin da a zahiri ba zai wuce ɗan lokaci ba, ya yanka shi gunduwa-gunduwa ya ja shi tsawon mintuna: takalman sojoji, fuskar uwa, keken jariri yana gangarawa, a sake komawa kan takalma. Kisan nan bai faru a kan matattakalar yadda aka nuna ba, amma mutane da dama da suka kalla sun tashi da imanin tarihi suka gani. (Shi kansa gwajin Kuleshov, asalin zarensa bai tsira ba. Yawancin abin da ake faɗa ya fito ne daga bakin ɗalibinsa Vsevolod Pudovkin, kuma waɗanda suka sake gwadawa daga baya wasu sun samu irin sakamakon, wasu ba su samu ba. Ina son ɗalibai su riƙe wannan tare da labarin, kada su haɗiye shi ɗanye.)

André Bazin, Bafaranshen da yana cikin waɗanda suka kafa mujallar Cahiers du Cinéma a 1951, ya tsaya a ɗaya gaɓar. Shi a ganinsa yawan yanka danniya ce. Mai haɗa hoto yana kama kanka ne yana juyawa, dubi nan, yanzu dubi can, ji tsoro, yanzu ji tausayi. Ya fi ƙaunar doguwar ɗauka wadda ba a katse ta, da hoton da na kusa da na nesa duk suka fito tar, don ido ya yi yawo ya zaɓi abin da zai bi, kamar yadda yake yi a rayuwa. Shi ya sa ya yaba wa Jean Renoir da Orson Welles, da kuma daraktocin Italiya na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka fita daga situdiyo suka ɗauki hoto a kan titi, sau da yawa da mutanen da ba su taɓa wasan fim ba. Bazin ya rasu a 1958 yana ɗan shekara 40, amma har yau duk wanda ya yi gardama kan ko fim taga ce da ake leƙa duniya ta cikinta ko kuwa gini ne da aka ƙera, to tsakanin shi da Rashawa yake kaiwa da komowa. Ni dai ban ga dalilin ɗaukar ɓangare ba. Doguwar ɗauka ma zaɓi ce, wani ne ya yanke shawarar kada a yanke. Amfanin muhawarar ga sabon ɗalibi shi ne tana ba shi tambayar da zai yi wa kowace fitowa, wato yankin labarin da ke faruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya: me ya sa aka yanke a nan, ko me ya sa aka ƙi yankewa?

Tsakanin ɓangarorin nan biyu akwai salon da ya mamaye duniya, wanda Holiwud ta daidaita tun kafin 1920. Dokarsa mafi shahara ita ce ta digiri 180. In mutum biyu suna magana, sai a ƙaddara akwai layi tsakaninsu, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin ba ta tsallakawa, don wanda ke dama ya ci gaba da zama a dama. In ɗan wasa ya dubi wani wuri, ɗauka ta gaba sai ta nuna abin da ya duba. In zai tashi daga kujera, sai a yanke a tsakiyar tashin, don motsin ya ɓoye yankan. Ana kiran waɗannan dokoki, amma al'adar sana'a ce kawai. Yasujiro Ozu na Japan ya yi ta tsallake layin nan shekara da shekaru, yana ajiye kyamararsa ƙasa-ƙasa, kuma babu wanda ya rikice a finafinansa. Salon ma ba tsaye yake ba. Masu bincike irin su Barry Salt da David Bordwell sun zauna sun ƙidaya ɗauka ɗaya bayan ɗaya, suka nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 matsakaicin tsawon ɗauka a finafinan Holiwud yakan kai sakan 8 zuwa 11, amma zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ya sauko zuwa sakan 3 zuwa 6 a finafinai da yawa. Idan ɗalibi ya ce tsohon fim yana da nawa, gaskiya ya faɗa game da jikinsa, domin idonsa ya saba da wani gudun daban. Aikinsa shi ne ya gane sabo ne ke magana.

Kunne kuwa shi ne maraya a ajin farko. Ɗalibai kan rubuta shafi uku kan hoto, su ba sauti layi ɗaya: kiɗan ya yi daɗi. Alhali takun ƙafar da kake ji, da ƙarar ƙofa, da shafar tufafi, yawancinsu ba a wurin ɗaukar fim aka naɗe su ba. Wasu ne ke tsayawa a ɗaki suna kallon allo suna kwaikwayonsu da takalma da tarkace, sana'ar da har yau ake kira da sunan Jack Foley na kamfanin Universal. Bambanci na farko da ake koya shi ne tsakanin sautin da mutanen cikin fim ke ji, kamar rediyon da ke kan tebur, da wanda mu kaɗai muke ji, kamar kiɗan da ke saukowa daga inda babu makaɗi. Shigowar magana cikin fim a 1927 ba ci gaba zalla ba ce a shekarun farko. Kyamara mai ƙara ce, sai aka kulle ta a akwatin da ke tare sauti, 'yan wasa suka koma tsayuwa kusa da inda aka ɓoye makirfo, hoton da ya saba yawo ya daskare na ɗan lokaci. Zuwan sauti ne kuma ya sa aka tsayar da gudun 24. Kafin nan da hannu ake juya kyamara, sau da yawa a ƙasa da haka, shi ya sa in aka haska tsohon fim da gudun zamani sai ka ga mutane suna tafiya cikin gaggawa kamar ana korarsu. Waɗanda suka kalle shi a zamaninsa ba haka suka gan shi ba.

Daga nan sai tarihi, kuma a nan ne ake koyon shakka. Ranar 28 ga Disamba 1895, 'yan'uwan nan biyu Auguste da Louis Lumière suka nuna gajerun finafinai 10 ga masu biyan kuɗi a wani ɗaki na Grand Café a birnin Paris, kowanne bai kai minti ɗaya ba. Kusan kowa ya ji labarin wai da aka nuna jirgin ƙasa yana shigowa tasha sai 'yan kallo suka tashi da gudu don tsoron zai take su. Labarin yana da daɗi a baki. Sai dai fim ɗin jirgin ba ya cikin jerin na wannan dare, kuma masana tarihi da suka bi jaridun lokacin ba su samu shaidar gudun ba. Me ya sa to labarin ya ƙi mutuwa? Domin yana faranta mana rai, yana nuna mu ne wayayyu, na da su ne ƙauyawa. Ɗalibin da ya iya yin wannan tambayar ya fara shiga fannin.

Tarihin kuma cike yake da giɓi. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin zaren fim ne da sinadarin naitiret, mai kamawa da wuta cikin sauƙi, mai ruɓewa in ya daɗe. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey, ta tafi da mafi yawan finafinansa marasa magana. Wasu kamfanonin da hannunsu suka lalata nasu, ganin ba za su sake kawo kuɗi ba. Rahoton da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin 100 sun ɓace gaba ɗaya. Abin da ya tsira ya tsira ne saboda irin su Henri Langlois, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ma'adanar finafinai ta Faransa a 1936, yana tattara abin da wasu ke zubarwa. Saboda haka duk jimlar da ta fara da "wane ne ya fara yin kaza", fassararta ita ce "a cikin abin da ya rage mana". Mantuwa ma tana zaɓe. Alice Guy ta fara ba da umarni a kamfanin Gaumont tun kafin 1900, ta shugabanci sashen shirya finafinansa, ta kafa nata kamfanin a Amurka a 1910, amma an yi shekaru ana rubuta tarihin fim kusan ba a ambatarta, har ana jingina wasu ayyukanta ga maza.

To wa ke da fim? A Janairun 1954 François Truffaut, yana ɗan shekara 21, ya rubuta maƙala a mujallar Bazin yana caccakar manyan finafinan Faransa na lokacin, yana cewa aikin marubuta ne da darakta ke yi wa hoto kawai. Daga nan ra'ayin nan ya yi ƙarfi, cewa darakta na gaske shi ne mawallafin fim, kuma ana iya gane hannunsa daga aiki zuwa aiki. Andrew Sarris ya kai ra'ayin Amurka a 1962, Pauline Kael ta yi masa raddi mai zafi a 1963. Ra'ayin ya yi amfani, domin shi ya sa jami'o'i suka yarda fim ma abin nazari ne kamar adabi. Kuma ga mai burin zama darakta da na ce ya yi haƙuri, Truffaut ɗin nan da biro ya fara, a 1959 kuma ya karɓi kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes da dogon fim ɗinsa na farko. Amma ra'ayin yana da illa ga sabon ɗalibi, domin yana ba shi hanya mai sauƙi: duk abin da ya gani sai ya ce "darakta yana so ya nuna". Ina ya san abin da darakta ke so? Ina mai ɗaukar hoto, da mai haɗawa, da marubuci, da furodusan da ya ce a sauya ƙarshen labari?

Ina kuma doka da kasuwa? Daga 1934 zuwa 1968 finafinan Holiwud suna ƙarƙashin wani kundin ƙa'idoji da masana'antar ta ɗora wa kanta, wanda ya hana mai laifi ya ci bulus a ƙarshen labari, ya taƙaita nuna sha'awa, har ya haramta soyayya tsakanin baƙi da farare na tsawon shekaru. In ka ga masoya sun matso kusa sai kyamara ta juya ta kalli taga, kafin ka yaba kunyar darakta ka tambayi shekarar da aka yi fim ɗin. Haka nan manyan kamfanoni biyar su ke da situdiyo, su ke rarrabawa, su ke da gidajen sinima masu tsoka, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kansu a 1948, aka tilasta musu rabuwa da gidajen kallon. Wannan hukunci ya sauya irin finafinan da ake yi fiye da yadda kowane darakta ɗaya ya sauya su.

Wuri mafi nauyi a zangon farko shi ne ranar da aka nuna cewa gwaninta da mugunta suna iya zama a ɗauka ɗaya. Fim ɗin D. W. Griffith na 1915 kan yaƙin basasar Amurka ana koyar da shi saboda yadda ya sarrafa yanka tsakanin wurare biyu har zuciya ta riƙa bugawa. Amma waɗanda ake sa ka ƙosa su iso su yi ceto, mahayan Ku Klux Klan ne, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci a kan baƙaƙe, baƙaƙen fata kuma an nuna su a matsayin barazana, da dama daga cikinsu Turawa ne da aka shafa wa baƙi. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka ta yi fafutukar hana nuna shi, ita kuwa Klan a shekarar ta sake farfaɗowa. Ba za a ce a ɗauki dabarar a bar saƙon ba, domin dabarar ce ta isar da saƙon. Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fitar da nasa fim a 1920 da ake ɗauka martani ne, kuma shi ma an daɗe ana zaton ya ɓace kafin a gano kwafi ɗaya a ma'adanar ƙasar Sifen. Irin wannan tambaya ce Laura Mulvey ta yi a mujallar Screen a 1975, ta fuskar jinsi: in kyamara tana kallo, da idon wa take kallo? Ta ce a finafinan Holiwud na da namiji ne ke tura labari gaba, mace kuma akan tsayar da labarin don a kalle ta. Daga baya bell hooks, marubuciya baƙar fata 'yar Amurka, ta tambaye ta, wace macen, tunda baƙar mace mai kallo ba a ma sa ta a lissafi ba.

Ra'o'in nazari suna da yawa, kuma zan wuce su da sauri. Tun 1916 Hugo Münsterberg na jami'ar Harvard ya kwatanta dabarun fim da yadda hankali ke aiki. A shekarun 1960 Christian Metz ya auna fim da ma'aunin kimiyyar harshe. A shekarun 1970 aka shigo da ra'ayin Marx kan tattalin arziki da azuzuwan al'umma, da na Freud kan halayyar ɗan Adam. A 1996 Bordwell da Noël Carroll suka fito suna cewa a rage manyan ra'o'in da ke bayyana komai, a koma ƙananan tambayoyin da za a iya amsawa da hujja. Abin da nake gudar wa ɗalibi shi ne ya koyi manyan kalmomi kafin ya koyi gani, ya riƙa ɗora ra'i a kan fim kamar hula a kan kowane kai. Maƙalar da za a iya cire sunan fim ɗin a sa wani ba tare da an sauya jimla ɗaya ba, ba ta nazarci komai ba.

Mai lura zai ga kusan duk sunayen da na kawo na Faransa ne da Rasha da Amurka. Haka manhajar take a jami'o'i da yawa, kuma wannan ma abin nazari ne. A Japan, zamanin finafinai marasa magana, akwai masu tsayawa gefen allo suna ba da labari suna kwaikwayon muryoyi, ana kiransu benshi, wasunsu sun fi 'yan wasan farin jini. Fim mai magana na farko a Indiya ya fito a 1931 da waƙoƙi 7 a cikinsa, kuma babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani a yau. Ɗalibin da ya ce waƙa tana katse labari, mudun Holiwud ya ɗauko yana auna hatsin wasu, domin a wannan salon sau da yawa waƙar ce ke faɗin abin da zance ba zai iya faɗa ba. Masar ta buɗe Studio Misr a 1935. A ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka kuwa, wata doka ta 1934 mai ɗauke da sunan Pierre Laval ta sa ba a ɗaukar fim sai da izinin hukuma, abin da ya toshe wa 'yan ƙasa hanya, har Paulin Vieyra da abokansa suka yi nasu fim ɗin a Paris a 1955. Ousmane Sembène na Senegal marubuci ne da ya ga littattafansa ba sa isa ga mutanen da yake rubutu a kansu, sai ya tafi Mosko ya koyi fim yana dab da shekara 40. A 1963 ya fitar da gajeren fim kan wani mai keken doki a Dakar, a 1968 ya yi dogo da harshen Wolof, a 1969 kuma aka fara FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu.

Ranar da za a ba ku aikin farko, ga abin da ake nema. A kalli fim ɗin sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, a kan allo mafi girma da aka samu, waya a kashe, domin fuskar da aka ɗauka don ta cika bango ba ta yin aikinta a tafin hannu. Sannan a zaɓi fitowa ɗaya, a bi ta ɗauka bayan ɗauka, ana rubuta tsawon kowace, nisan kyamara, haske, da abin da kunne ke ji. Malaman da suka kafa fannin da yawansu daga ƙwaƙwalwa suka riƙa rubutu, domin kafin zuwan kaset ɗin bidiyo a shekarun 1970 ba kowa ke da halin tsayar da fim ya koma baya ba, shi ya sa akan tsinci kurakurai a bayanansu. Ku ba ku da wannan uzurin. Kada a sake ba ni labarin fim ɗin, na kalla. Kada a ce ya yi kyau ko bai yi ba sai an gama siffanta shi. Duk da'awar da aka yi, a nuna minti da sakan ɗin da za a je a duba.

Kusan kowace shekara sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai ɓata mana kallo za ka yi." Nakan ce masa e, na wasu watanni, zai riƙa ƙidaya yanka a inda ya kamata ya yi kuka, kuma abokansa za su daina zama kusa da shi. Daga nan sai in koma kan yankin nan na minti uku, in kashe sautin, in sake kunnawa. Matar ta shigo, ta ɗauki wasiƙar, ta karanta. Fuskarta ba ta motsa ba ko kaɗan. Ɓacin ran da duk ajin ya rubuta cewa ya gani, wani goge ne ya shigo da shi a hankali tun kafin ta kai hannu kan tebur, sai kuma ɗauka ɗaya ta ƙofar da ta bari a buɗe.